Fuskar da Kwamfutarsa Ta Haddace

Jama'a, na ga duk abin da kuka rubuto mini. Masu cewa na cika zargi na ji, masu cewa in rabu da shi in huta su ma na ji. Wata baiwar Allah har cewa ta yi kishina ya girme ni. To 'yar uwa, na gode, amma ki gyara zama ki ji abin da ya faru a makon nan tukuna, sannan ki yanke mini hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni tela ce. Shagona ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu ne: keke biyu, teburin yanka, da dogon madubin da ya tsage a gefe. A gida Auta ake kirana, duk da na wuce shekarun shagwaɓa. Wanda nake so kuwa Injiniya nake ce masa. Mama tana ce masa Mai Kwamfuta, in ranta ya ɓaci kuma ya koma "wannan ɗalibin naki". Digirinsa na biyu yake haɗawa a jami'a, kuma akwai kamfanin da ya yi masa alkawarin aiki da zarar ya kammala.

Baba mutum ne mai magana ɗaya. Ranar da ya kira ni falonsa ko talabijin bai rage ba.

"Auta, ni ba na tilasta wa kowa," ya ce. "Amma na gaji da ba mutane haƙuri saboda yaron da bai gama tsayawa da ƙafarsa ba. Ya kare aikinsa a gaban malamansa ƙarshen watan nan, ya turo iyayensa. In ya wuce haka, ki ba ɗan aminina dama ku fahimci juna."

Ɗan aminin nasa mai kemis ne. Ba shi da wani aibu, Allah ya gani. Yana da mota, yana da ladabi, yana gaida Mama har ƙasa. Sai dai in ya zauna hira, daga maganin hawan jini sai na ciwon suga, har in ji ni ma jikina ya fara ciwo. Ni dai Injiniya nake so. Shi ke nan abin da ke gabana: ya wuce gaban malaman nan lafiya a ƙarshen wata, ko in rasa shi.

To a cikin wannan zaman ɗar-ɗar ne ya zo hira da yamma, da jakarsa a kafaɗa kamar kullum. Na kai masa shayi a tire, sai na tuna ban ɗauko suga ba. Kafin in dawo har ya buɗe kwamfuta, ya kifa kai a kanta. Na lallaɓo ta bayan kujera da niyyar in tsorata shi.

Ni ce na tsorata.

Mace ce a fuskar kwamfutar, ta cika ta taf. Doguwar fuska, gira a cike, 'yar wushirya. Mayafinta ruwan zuma ne mai siraran ratsi a karkace, irin yadin da in ya motsa sai ido ya ɗan yi rawa. Ta juyo da kai a hankali, ta yi murmushi, ta gyara mayafin da yatsu biyu. Sai ta koma farko. Ta sake juyowa, ta sake murmushin, ta sake gyara mayafin. Shi kuma ya matso da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa gilashin.

Na dire gwangwanin suga a kan tebur da ƙarfi har cokali ya yi tsalle.

"Wace ce wannan?"

Ko gezau bai yi ba. Da ma ya daburce, da na samu dalilin yin faɗa.

"Au, Gwana ce. Abokiyar aikina, tare muke a ɗakin gwaji. Zo ki ga gefen mayafin nan, kin ga hoton bai fashe ba?"

"Gwana. Sunanta ke nan ko kai ka raɗa mata?"

"Kowa haka yake kiranta. Zauna mana, Auta, in nuna miki."

Na zauna a can ƙarshen kujera, na haɗe rai. Shi kuwa bawan Allah, in aka taɓo aikinsa mantawa yake da duniya.

"Kin san bidiyo nauyi gare shi," ya ce. "In aka tura shi yadda kyamara ta ɗauko, kafin ki gama sallama datarki ta ƙare. Dole a matse shi. Sai a yayyanka hoton gida-gida ƙanana, kamar yadda kike yanka ƙyalle. Kowane guntu, maimakon a bi shi ɗigo-ɗigo ana faɗin launinsa, sai a auna shi da wasu zanuka da aka riga aka tanada: akwai fili, akwai ratsi masu faɗi, akwai sirara, na tsaye da na kwance. Sai a ce guntun nan yawancinsa fili ne, da ratsin kwance kaɗan, sauran kusan babu. Waɗanda kusan babu sai a zubar da su, ido ba ya lura."

Ban so in gane ba, amma na gane.

"In mace ta aike ni sayen yadi ba ta ƙirga mini zare," na ce a daƙile. "Cewa take shuɗi mai farin ratsi."

"Yauwa! Wallahi kin fi rabin ajinmu." Idanunsa har ƙyalli suke. "To zanukan da kowa ke aiki da su tsofaffi ne, sun girme mu. Nawa aikin shi ne in bar kwamfuta ta koyi nata zanukan da kanta, ta hanyar kallon bidiyo, don ta faɗi abu mai yawa da bayani kaɗan. In ya yiwu, wanda ke ƙauye da sabis mai rauni zai ga fuskar ɗansa tar a waya."

"Ta hanyar kallon bidiyon wa?"

Nan ne ya ɗan kau da kai.

"Na Gwana. Mun ɗauki da yawa."

"Kai kuma sau nawa ka kalle ta?"

"Ai ba ita nake kallo ba, gefen mayafin..."

"Sau nawa, Injiniya?"

"Ban ƙirga ba. Kullum dai."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Tun bara! Jama'a ku taya ni ji. Ni da nake jira ya gama aiki ya turo mini gaisuwar layi biyu, ashe wata na can tana yi masa murmushi daga safe har yamma, in ta gama ta sake daga farko. Ni in na yi masa murmushi sau ɗaya ya wuce ke nan. Nata kuwa maɓalli ne da shi.

Na danne zuciyata na tambaye shi, "Duk matan duniya me ya sa sai ita?"

"Mayafinta," ya ce, hankalinsa kwance. "Siraran ratsin nan, ga motsi. Tana da wahalar matsewa sosai. Wanda ya iya da ita ya iya da kowa."

"Ni fa?"

Ya ɗago ya dube ni daga sama har ƙasa. Doguwar riga ce a jikina ruwan toka, da mayafi ruwan toka, babu ko ɗigon ado. Haka nake shiga tun tasowata, in ƙawata matan gari ni kuma in zura abin da ya sawwaƙa. Sai ya yi dariya, irin dariyar nan tasa da nake so.

"Ke ai ba ki da wahala. Kusan duk fili ne. Ko tsohuwar dabara nan take za ta gama da ke."

Wallahi da mari ya ɗauke ni da shi da ya fi mini sauƙi. Na miƙe na kwashe tiren, har da kofin da bai gama sha ba. Yana ta "Auta, Auta, me na ce?" ban waiwayo ba. A kicin na tarar da Mama tana yanka albasa, ta dube ni ta dubi kofin.

"Har ɗalibin ya tashi daga makaranta?"

Na dire tiren na wuce ɗaki.

Bayan magariba saƙonninsa suka fara shigowa.

Shi: Auta, yabo fa na yi.

Ni: Na gode. Fili ya gode.

Shi: Ina nufin ke a natse kike, babu hayaniya.

Ni: Je ka wajen mai hayaniyar.

Shi: Aiki ne kawai wallahi. Saura 'yan kwanaki in shiga gaban malamai, kar ki tayar mini da hankali yanzu.

Ni: Ni nawa hankalin a kwance yake ko?

Shi: To me kike so in yi?

Na daɗe ina kallon tambayar nan. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na tura masa:

Ni: Ka ɗauki nawa bidiyon. Ka sa ni a kwamfutar.

Shi: Shi ke nan? Zo jibi da hantsi. Ai daɗi ma zan ji.

Washegari Yaya ta zo karɓar ɗinkin 'ya'yanta. Ita ce babbarmu, kuma bakinta ba ya da birki. Na ba ta labari tana auna wa ƙaramar riga a jiki, ta saki rigar ta riƙe ciki tana dariya.

"Fili! Kai, Mai Kwamfuta bai da dama. Amma ke ma, Auta, tela guda kina yawo kamar labulen asibiti. Ai gaskiya ya faɗa."

"Yaya, ke ma?"

"Ni dai shawarata ki bar yaron nan ya gama abin da ke gabansa. In an ɗaura, ki fasa kwamfutar ma in kin ga dama."

Da na ji maganarta. Amma a lokacin babu abin da nake gani sai yatsu biyun nan suna gyara mayafi.

Tana fita na jawo akwatin ƙarƙashin gado. Akwai leshin da na saya wa kaina na ɓoye, na ce sai ranar da iyayensa za su zo. Kore ne mai duhu, da manyan furanni masu lanƙwasa, kowane fure an zagaye shi da zaren zinari da ƙananan duwatsu. Na shimfiɗa shi a teburin yanka, na ɗan tsaya da almakashi a hannu, sannan na ce bismillah na datsa. Ranar ban taɓa ɗinkin kowa ba. Na yi masa wuya mai tattara, na yi hannu mai faɗi da ke zubowa, na bi bakin mayafin da duwatsu ɗaya bayan ɗaya har yatsana ya yi ja. Duk inda na ga wuri ya yi fili sai na ƙara masa wani abu.

Da safe na fito ina ƙamshi, na zizara kwalli, na sa 'yan kunne masu lilo da takalmi mai tsini da aka ba ni tun bikin Yaya. Mama na shara a tsakar gida, ta tsaya ta dogara da tsintsiya.

"Ikon Allah. Bikin wa ake yi ba a gaya mini ba?"

"Jami'a za ni, Mama."

"Da wannan? Ko ke ce za ki kare masa digirin?" Ta taɓe baki. "Ki dai tuna abin da babanki ya ce. Jiya ma sai da mahaifiyar yaron kemis ta kira ni."

Ɗakin gwajin nasu yana hawa na uku, kuma na'urar hawa ta lalace. Na isa ina haki, takalmi ya ci mini dunduniya. Ɗaki ne mai sanyi kamar firji, da dogon tebur cike da wayoyi a cukurkuɗe, kwamfutoci suna ta gurnani a ƙasa, farin allo an cika shi da lissafi har gefe. A kusurwa akwai kyamara a kan ƙafa uku, da fitilu biyu, da kujera ɗaya a gaban bango mai ruwan toka. Na gane bangon. A nan take zama.

Injiniya ya ɗago ya gan ni, ya saki baki.

"Auta? Ke ce?"

"A'a, fili ne," na ce.

Kafin ya ba ni amsa wata ta leƙo daga bayan wata kwamfuta. Da ƙyar na gane ta. Gajeriya ce ashe, da tabarau mai kauri, silifas a ƙafa, tawada a yatsa. Mayafin dai shi ne, mai ratsin nan, ya ma fara koɗewa.

"Lah, ke ce Auta! Sannu da zuwa. Wallahi kullum sai ya yi zancenki, har mun haddace. Kai, wannan leshi! Ke kika ɗinka? Don Allah juya in gani."

Na shirya wa mai girman kai. Na shirya wa mai yanga da kallon raini, har na tanadi maganganun da zan yaɓa mata tun a mota. Ban shirya wa mai kirki ba, kuma kirkin nata ya fi komai ƙona mini rai. Na amsa gaisuwar da ƙyar, na ƙi juyawa.

Ina zaune ina kallonsu suna shirya kyamara. Ya miƙa hannu bai ce komai ba, ta ɗora masa wayar da yake nema. Ya fara magana, "Ina ganin hasken...", ta ƙarasa, "...ya yi yawa ta hagu, na rage." Ta dube shi ta ce, "Yau ma ba ka karya ba ko?" Ya sosa ƙeya. Ni da zan aure shi ban san bai karya ba.

"Bismillah, zauna nan," Gwana ta ce mini. "Ki kalli can, sai ki juyo a hankali, ki yi murmushi, ki ɗan taɓa mayafin."

Wai ni ake koya wa juyowa. Na zauna a kujerarta, a gaban bangonta, na gyara kafaɗa. Na juyo a hankali yadda duwatsun za su kama haske, na kalli Injiniya ta saman kyamara, na sakar masa murmushin da ban taɓa yi wa kowa ba. Na ga ya haɗiyi yawu. A raina na ce yauwa, yanzu ka ga wahala.

"Ya yi kyau sosai," in ji Gwana. "Mu gani."

Muka taru a bayansa. Ya raba fuskar kwamfutar biyu.

"Na hagu tsohuwar dabara ce, ta kowa da kowa," ya ce, yana murmushi. "Na dama tawa ce. Nauyinsu ɗaya, an matse su daidai wa daida. Ki zuba ido ki ga bambanci."

Na hagu ya fara fitowa. Ga ni nan, ba laifi. Duwatsun sun ɗan dushe, amma furannin suna nan, kwallina yana nan, murmushina yana nan.

Sai na dama ya fito.

Innalillahi. Furannin leshina sun narke sun zama wani koren kwaɓi. Zaren zinarin ya kakkarye, ya koma 'yan guntayen layuka a karkace. Da na juyo da kai, sai fuskata ta farfashe gida-gida, kumatu a wani gida, hanci a wani. Murmushin da na tara duk ƙarfina na yi ya zama wani jirwaye, ba a ma gane baki ne.

Na juyo a fusace. "Da gangan ka yi!"

Bai ji ni ba. Murmushinsa ya ɗauke. Ya danna wani abu, ya sake sakawa. Haka ya fito. Ya canza wasu lambobi, ya sake. Haka dai. Ya buɗe na Gwana, ya fito tar, kowane ratsi a wurinsa. Ya koma nawa, kwaɓi.

Gwana ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Na faɗa maka mu gwada da wasu mutanen."

"Na ce bayan an gama," ya amsa, bai ɗago ba.

"Bari in kawo mana ruwa," ta ce, ta fita ta ja ƙofar.

Fushina ya fara sauka, tsoro ya fara hawa.

"Injiniya, mene ne? Ni ce na ɓata?"

"Ba ke ba ce." Ya dafe kai da hannu biyu. "Ni ne. Duk bidiyon da na koya mata da su na Gwana ne. Duk waɗanda na gwada ta da su, su ma na Gwana ne, na wasu ranakun. Mayafanta kuma duk iri ɗaya ne. Sai kwamfutar ta tara zanukan da suka dace da siraran ratsi masu karkata, ta ƙware a kansu. Da ta ga furanninki masu lanƙwasa ba ta da abin da za ta kwatanta su da shi. Ta ƙarar da rabonta wajen kokawa da leshin, fuskar ba ta samu komai ba."

"Ka yi mini Hausa."

Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Na ɗauka ta koyi matse bidiyo. Ashe Gwana kawai ta haddace."

Ku ji fa. Abin da na kwana biyu ina zarginsa da shi, ga kwamfutarsa ta faɗa da bakinta. Na so in ji daɗi, in ce ai na faɗa. Amma ko kusa daɗin bai zo ba, don na ga yadda kafaɗunsa suka zube.

"To a gyara mana," na ce. "Ka ƙara mata nawa ta haddace."

"Ba naki kaɗai ba. Sai an ɗauki mutane da yawa, kaya iri-iri, wurare iri-iri, a sake koya mata daga tushe, a sake auna komai. Kuma bayan duk wannan, mai yiwuwa ta fi tsohuwar da ɗan kaɗan ne kawai, mai yiwuwa ma ba ta fi ta ba."

"Zai kai yaushe?"

"Watanni."

"Ƙarshen wata fa?"

Ya girgiza kai.

Sai a lokacin na ga abin da na aikata. Na ga Baba a falonsa da talabijin a kunne. Na ga Mama tana amsa wayar mahaifiyar mai kemis da fara'a. Na ga kaina a gaban mota ana yi mini bayanin maganin suga har ƙarshen rayuwata. Da na zauna a shagona da rigata ruwan toka, da yanzu yana nan yana shirin shiga gaban malamansa da murna. Ni na hau bene hawa uku da takalmi mai tsini na zo na rusa aurena da hannuna.

"Malaman naka sun san da wannan?" na tambaya.

"Yanzu ni ma na sani."

"Bidiyon wa za ka nuna musu?"

"Nata. Su ne a cikin rubutun."

"Kuma a kan nata yana aiki."

"Auta..."

Na matso na dafa teburin. Leshin ya yi mini nauyi, duwatsun wuyan suna sosa ni. Na kalli fuskata a farfashe ta dama, na kalli tata da ke ƙasa a ɗan ƙaramin gida, tana juyowa tana murmushi ba gajiya.

"Goge nawa," na ce.

Ya dube ni kamar bai gane yaren ba.

"Ka goge nawa, ka bar nata. Ka shiga gabansu da ita, ka karɓo takardarka, ka turo iyayenka. In an ɗaura ka gyara abinka a nitse. Babu wanda ya san na zo."

Ni da bakina, jama'a. Ni da na datse leshin da na ɓoye wa ranar farin cikina don in kore ta daga kwamfutar nan, ni ce yau nake roƙo a share ni a bar ta. Hawaye ya zubo ya kwaso kwallin, ban ko share ba.

"Don Allah, Injiniya. Ka san Baba ba ya magana biyu."

Hannunsa yana kan linzamin kwamfutar. Bai danna ba, bai kuma ɗauke ba.

"Ko ya goge, ni na gani."

Muka juya tare. Gwana ce a bakin ƙofa da gorunan ruwa uku a rungume. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Babu fushi a fuskarta, har wani tausayi na gani, kuma na tsani tausayin nan.

"Ki yi haƙuri, Auta," ta ce. "Sunana yana ƙarƙashin nasa a aikin nan. Ba zan tsaya a gaban malamai in yi shiru a kan abin da na san ba haka yake ba." Ta juya gare shi. "In ka yarda mu je mu faɗa wa Farfesan da ke duba aikin yau. Mu fara gobe, ni da kai, kullum har ranakun hutu. Kafin zangon karatu na gaba ya ƙare za mu iya fitar da abin da ba za mu ji kunyarsa ba."

Ni da kai. Kullum. Har ranakun hutu.

Wayata ta fara ruri a cikin jaka, na san Mama ce, ban taɓa ta ba. Ina tsaye ta damansa da leshina da kwallina da ya zubo, ita tana tsaye ta hagunsa da silifas da gorunan ruwa, kowaccenmu ta faɗi nata tana jira. Ya daɗe kansa a sunkuye. Sannan ya ja dogon numfashi, ya ɗago.

Ita ya fara kallo.